Shekarar da Muka Zama Kalangu a Kunnen Baba

Ƙarar zif ɗin jakar Umma ce ta tashe ni daga barcin rana. Dogon zif ne mai maƙalewa a tsakiya sai an ja shi da ƙarfi, kuma duk gidan mun san ba a sauko da jakar nan daga saman kabad sai tafiya ta kama. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, indararo yana ta ɗiga cikin bokiti, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika tsakar gidanmu na Badarawa. Na leƙa ɗakinta na tarar tana ninke zannuwa, har da waɗanda ba ta ɗaurawa sai da salla.

"Umma, ina za ki?"

"Funtuwa. Ran Juma'a Kawunki zai turo mota."

"Biki ake yi?"

"Babu biki, Safiya. Zan je in huta da yi wa bango magana."

Ina rubuta wannan ne dominki, 'yata, ko da yake yanzu ko baƙi ba ki fara haɗawa ba. Wata rana za ki zauna cikin dangi a wurin suna ko ta'aziyya, ki ji wata ta rage murya ta ce uwarki ce ta tona wa kakanki asiri, kuma da baƙin cikin abin ya tafi. Gara ki ji yadda aka yi daga bakina, tun ina tuna muryoyin mutanen gidan nan kamar jiya suka yi maganar.

Kakanki, wanda muke kira Baba, ɗan makaɗa ne. Mahaifinsa ya zo Kaduna daga ƙasar Zamfara da kalangu a hamata, ya zauna Unguwar Shanu yana yi wa mahauta kiɗa. Baba ya taso yana jin abin da kalangu ke faɗa kamar yadda muke jin maganar mutum, amma bai gaji sana'ar ba. Yana saurayi ya tsallaka kogi ya shiga masaƙa, ya yi shekaru masu yawa a tsaye tsakanin injina har ranar da aka rufe ta. Bayan nan ya zama mutumin gindin dalbejiyar ƙofar gida. Duk wata rigima ta layinmu, ta iyakar fili ce ko ta makwarara ko ta miji da mata, wurinsa ake kawo ta. Ana yabonsa da cewa ba ya katse mutum. Zai sunkuyar da kai ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, can sai ya ɗago ya ce wa ɗaya, "Kai ne zuciyarka ta fi zafi, kai za ka fara ba da hannu." Kuma sau da yawa ya dace.

A cikin gida kuwa wannan shirun ya fara yi mana nauyi. Ni ban fara lura ba, domin ni 'yar fari ce. Baba ya riƙe kunyar 'yar fari yadda ya tarar a gidansu: bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kallon fuskata, ba ya doguwar hira da ni. In na durƙusa da safe na sunkuyar da kai na gaishe shi a hankali, ya amsa, shi ke nan mun gama ta ranar. In na ƙara wata magana bayan gaisuwa ya yi shiru, sai in ce a raina kunya ce, har ma in ji wani daɗi, domin a wurinmu irin wannan shirun ƙauna ce. Umma 'yar birni ce, ba ta riƙe wannan al'ada da ni ba, komai nata ni take gaya wa. Ita ce shirun yake ci. Muryarta siririya ce kamar tawa, mai laushi, ba ta iya ɗaga ta ko tana fushi. Takan ce in abokansa suka zo da muryoyinsu kamar na bajimai har dariyarsa ake jiyowa daga zaure, amma ita in ta yi magana sai ya ce "To" ya ci gaba da abin da yake yi. Abin da ya sa aka sauko da jaka shi ne, da safiyar ranar ta kawo masa koko, ta zauna gefe, ta gaya masa an bugo waya cewa jikin mahaifiyarta ya yi tsanani. Ta faɗa a natse, yadda mace mai kamun kai take faɗin abu mai nauyi. Baba ya kurɓi koko ya ce, "To, madalla."

A shekarar ina aji biyu a jami'a, ina karatun kimiyyar harshe. Yarinya ce ni mai yawan tafiya cikin tunani, in ana hira sai in bar ma'anar in bi waƙar muryar, yadda take hawa da sauka kamar tsuntsu a kan iska. Shi ya sa na yi murna da wata malamarmu ta ba mu aikin hutu. Ta sa mana wasu sautuka a kwamfuta, waɗanda na'ura ta ƙera, suna kama da mutum yana cewa "aa" amma ba mutum ba ne. Mai sauraro zai sa abin ji mai rufe kunnuwa biyu, a kunna masa sauti, ya faɗa ko muryar hawa ta yi ko sauka. Da farko bambancin a fili yake, sai ya riƙa raguwa har ya zama kamar gashi guda. Kashi na farko sautuka ne masu kauri, kamar muryar dattijo. Kashi na biyu sirara ne, irin ɗan hucin da ke farkon "sa" da "sha" da "tsa". Aka ce kowa ya gwada mutanen gidansu.

Da la'asar ɗin ranar, don in kawar da hankalina daga jakar, na shimfiɗa tabarma a rumfa na fara da Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Ta saurara kaɗan ta fizge abin daga kanta.

"Ke ɗiyar nan, kukan akuya aka tura ki ki koyo a jami'ar?"

"Gwaggo, ki dai ce hawa ya yi ko sauka."

"Ya hau ya faɗo ya karye. Ni ɗankwalina kika ɓata mini."

Umma ta yi nata daga bakin ƙofa ba tare da ta ce komai ba sai "sama", "ƙasa", idonta a kumbure. Ina cikin naɗe waya sai na ga inuwa a kan tabarma. Baba ne ya dawo daga masallaci ya tsaya yana kallon abin da ke hannuna. Ban yi niyyar gwada shi ba. Ta yaya zan ɗora hannu a kan uban da ko sunana ba ya kira? Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya nufi zaure, ya ce ba tare da ya waiwayo ba:

"Ke. Kawo abin nan naki in gani."

Na bi shi. Ya zauna kan buzunsa, ya cire hula da kansa, ya ɗora abin a kunnuwansa daidai, ya rufe ido. Na kunna kashi na farko. Ban taɓa ganin irin haka ba, ko a cikin 'yan ajinmu. Tun sautin bai gama fita ba yake ɗaga yatsa sama ko ya nuna ƙasa. Na kai inda ni kaina nake cankar amsa, shi kuwa bai ko yi jinkiri ba. A wani wurin ma ya yi ɗan murmushi ya ce, "Wannan ya yi kamar zai hau, sai ya fasa." Na duba, haka ne. Zuciyata ta cika da alfahari, na ce a raina jinin makaɗa ba ya ɓuya. Sai na kunna kashi na biyu, na sirara.

Yatsansa bai motsa ba. Sauti na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ina ganin layin yana tafiya a fuskar kwamfuta, ina ma jiyo ɗan hucin yana tsiyayowa ta gefen kunnensa. Na ƙara ƙarfi. Na sake ƙarawa har ƙarshe. Baba yana zaune idonsa a rufe, fuskarsa a sake, irin zaman mai jiran a kawo abinci. Can ya buɗe ido ya ce:

"To, kunna mana."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ya dube ni, karo na farko da na tuna ya dubi tsakiyar fuskata, sannan ya cire abin ya ajiye a kan buzu a hankali. A waje wani mai gyaran takalmi yana wucewa yana buga akwatinsa. Baba ya yi magana yana kallon ƙofa, kamar da wani yake.

"Injina sun cinye mini bakin magana, sun bar mini waƙarta. In namiji mai kaurin murya ya matso kusa, ina tsintar rabi. Ku mata kuwa duk kun zama kalangu a kunnena. Ina jin murya ta hau, ta sauka, ta karkata, amma babu kalma a ciki."

Na buɗe baki, sai na tuna ba zai ji ba. Ya ci gaba.

"Shi kalangu ba ya gaya maka sabon abu. Abin da ka riga ka sani yake maimaita maka. In kin ce ina kwana, na san waƙarta. In uwarki ta ce ga abinci, na san waƙarta. In aka zo da wadda ban sani ba, sai in duba: in muryar a kwance take in ce madalla, in a tsaye take in ce Allah ya kyauta. Masu rigimar nan ma haka nake musu. Mai gaskiya da mai zafin rai ba waƙarsu ɗaya ba."

Ya ɗauki hularsa ya sa.

"Wannan tsakanina da ke ne. Kin ji ko?"

Na gyaɗa kai.

Na yi ta yawo da maganar nan a raina. Na san abin da yake tsoro. A layinmu da zarar an ce mutum ba ya ji, ya tashi daga dattijo ya koma abin tausayi, yara su riƙa kwaikwayonsa a bayan ido. Gindin dalbejiyar nan shi ne abin da ya rage masa tun da masaƙa ta mutu. A ɗaya gefen kuma ga jaka tana cika. Na san halin Umma: ba ta yaji, ba ta taɓa yi ba, in ta tafi ta tafi ke nan. Na je na sami malamarmu na tambaye ta a kaikaice, kamar labarin wani ne. Ta bayyana mini cewa ƙarar inji takan fara kashe jin sirararan sautuka, waɗanda su ne suke raba kalma da kalma, ta bar masu kauri, inda hawa da saukar murya suke zaune. Ta ce irin wannan ba ya dawowa. Na fito ofishinta na tsaya a bakin titi, motocin haya masu zuwa unguwar Kawo suna ta wucewa, na kasa tsayar da ko ɗaya.

Ran Alhamis da hantsi na tarar da Umma tana naɗe dardumarta ta salla za ta sa a jaka. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya.

"Me kike ɓoye mini?"

"Babu komai."

"Safiya, tun kina goye in kin ɓoye abu kunnenki na hagu kike ja. Me ya faru a zaure?"

Na sauke hannuna daga kunne. Na gaya mata duka. Ta zauna a bakin gado da dardumar a cinyarta. Da ta yi magana, ba da ni take ba.

"Ashe duk shekarun nan ni kaɗai nake faɗa."

Ta tashi ta fita zaure. Ina biye da ita daga nesa. Ta durƙusa a gabansa, ba a gefe ba kamar yadda ta saba, ta sa fuskarta daidai tasa, ta faɗa a hankali tana buɗe baki sosai: "Inna ba ta da lafiya." Baba ya kalli leɓɓanta. Ta sake faɗa. Na ga lokacin da maganar ta isa gare shi, na ga ya tuna kokon da madallar, fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka. Ya ce, "Innalillahi. Yaushe?" Washegari da motar Kawu ta zo, su biyu suka shiga. Bayan mako guda su biyu suka dawo, jakar ta koma saman kabad.

Da a nan labarin ya tsaya da ban rubuta shi ba. Gwaggo Asabe ta ji komai daga bayan labule, kuma ita ba ta da mugunta, amma ba ta da murfi. Kafin su dawo daga Funtuwa duk layin ya sani. Mutane suka zo jaje kamar an yi mutuwa. Daga nan kowa ya fara yi masa ihu, don a ganinsu taimako ne. Maƙwabcin da ya saba gaishe shi a natse sai ya tsaya a kansa ya kwartsa, "MALAM! INA KWANA!" Abin da ba su sani ba, ihu yana lalata waƙar magana. In mutum ya ɗaga murya, hawa da saukar duk sai su taru a sama su miƙe, gaisuwa da tambaya da faɗa su zama abu ɗaya. Ga shi kuma ƙara mai ƙarfi tana yi masa zafi a kunne. Ɗan abin da yake dogara da shi ke nan aka ƙwace masa. Na bi gida gida ina roƙo a daina, a dai tsaya a gabansa a yi magana a hankali. Wata maƙwabciya ta ce mini, "Ke da kika fallasa shi, yanzu kuma ke ce mai koya mana ladabi?" Muka kai shi asibitin kunne aka ba shi ɗan abin ƙara ji. Ya sa na ɗan lokaci ya cire, ya ce cokula da kwanuka sun fi mutane baki a cikinsa.

Masu rigima suka daina zuwa. Babu wanda ya ce an daina, kawai dai aka koma kai ƙara wurin wani. Wasu ma da ya taɓa sasantawa suka tayar da tsohuwar magana, wai ashe hukuncin wanda bai ji ba ne. Ya ci gaba da fita gindin dalbejiya bayan la'asar, shi kaɗai, da carbinsa, daga baya ya daina. Da Umma kam sun sami wata sabuwar hira, fuska da fuska, a hankali kamar masu koyon yare, wani lokaci har in jiyo dariyarta. Ni ce na rasa hanya. Kafin ya gane maganata sai ya kalli bakina, shi kuma ba ya iya kallon fuskar 'yar fari. Na gwada durƙusawa a gabansa kamar yadda Umma take yi, sai ya kawar da kai ya dubi bango. Ban san ko kunyar ce ta dā ko fushi ne sabo ba, kuma babu yadda zan tambaya. Gaisuwar safe kawai ta rage mana, ita da ya san waƙarta. Bai taɓa tayar da maganar zaure ba, ko sau ɗaya. Haka muka zauna har na gama jami'a, har aka ɗaura mini aure, har wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi bai tashi ba. Ranar da aka fita da shi Gwaggo ta ce cikin kuka, a gaban mata, "Tun ranar da aka sa masa abin nan a kai ɗan'uwana ya mutu." Ba ta kalle ni ba, sauran ne suka kalle ni.

Ina da cikinki na je Hayin Banki sayen atamfa, sai wani tsoho a shagon tela ya yi ta kallona, sannan ya tambaya ko ni ɗiyar Malam Bawa ce ta Badarawa. Ya ce sunansa Yohanna, mutumin kudancin Kaduna ne, layin inji ɗaya suka tsaya da Baba a masaƙa. Shi ma sai da na matso na dube shi sosai yake gane maganata. Ya yi mini ta'aziyya, ya ba ni kujera, muka taɓa hira. Ban san abin da ya sa ba, na sami kaina ina gaya masa labarin gwajin, da yadda Baba ya zauna yana jiran in kunna abin da tuni yake kunne, bai san zai tona shi ba.

Tsohon ya girgiza kai.

"Wa ya ce miki bai sani ba? 'Yata, shekarar da aka rufe masaƙa tare muka je asibitin kunne, ni da shi. Irin abin nan suka ɗora mana a kai. Masu kauri mu ɗaga hannu, sirara mu zauna kamar gumaka. Ya san shi sarai."

Na ce, "Amma ya ce kada in faɗa."

"Ya zo nan bayan sun dawo daga Funtuwa, a kujerar nan da kike kai ya zauna. Ya ce ya ga jaka a ƙasa, ya san tafiya ce, ya yi ta juya maganar a bakinsa ta ƙi fita. Na ce masa, to kai Bawa, duk gidan ka rasa wanda za ka ba amana sai yarinya? Sai ya ce, 'Ita ce ba ta taɓa iya ɓoye wa uwarta komai ba. Shi ya sa na kira ta.'"